Cajar bango ko cajar gaggawa: wacce ta dace da filin sayar da motoci?

Wani dila da na daɗe ina yi wa aikin wuta ya kira ni da sassafe, muryarsa a dagule. Motoci uku masu lantarki ne suka iso masa daga tashar jirgin ruwa, ɗaya ta zo da saura kashi 4 cikin 100 a batirinta. Yaran wurin suka buɗe but suka tarar da ƙaramar cajar da ta zo da motar, amma filoginta na Sin ne, bai shiga soket ɗinmu. Sai suka yanke shi, suka murɗa wayoyin, suka naɗe da salatif, suka cusa a soket ɗin da ake jona firij na ofis. Kafin gari ya waye robar soket ɗin ta narke ta yi baƙi, warin ƙuna ya cika ofishin, motar kuwa ko kashi 20 ba ta kai ba. Allah ne ya kiyaye gobara.

Da na isa, abin da ya fara ce mini shi ne: "Malam, ka samo mini babbar caja, irin mai cika mota cikin rabin awa, ko nawa ne." Na ce, "Alhaji, bari mu fara duba motocin, mu duba taransifomar layin nan, sannan mu yi maganar caja." Wannan amsar ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa a nan. Mai filin motoci ba daga kantin caja yake fara zaɓe ba, daga bakin motocin da yake sayarwa yake farawa, da kuma ƙarfin wutar da ke shigowa filinsa.

Tambayar ta zama ta yau da kullum ne tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kafin nan motar lantarki abin kallo ce: kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas a 2020, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Yanzu kuwa BYD, mai ƙera motoci a Sin, ta shigo kasuwar Najeriya a hukumance a 2025, ga kuma 'yan kasuwa da ke ɗebo motoci daga Sin da Dubai da Amurka, kowa da irin tasa. Tashoshin caji na jama'a ba su yawaita ba, saboda haka wanda ya sayar da motar shi ake komawa wa.

Bambancin da ke ƙarƙashin komai

Wutar da kamfanin rarraba lantarki ke kawowa AC ce, batirin mota kuwa DC yake sha. Dole wani abu ya juya ta. A cikin kowace mota akwai na'urar da ke wannan juyin, kuma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Cajar bango, wato cajar AC, ba ta juya komai. Aikinta na mai gadi ne: ta gaisa da motar, ta gaya mata iya wutar da layin zai iya bayarwa, ta tabbata akwai wayar ƙasa, sannan ta buɗe hanya. Cajar DC, wadda ake kira ta gaggawa, ita tana ɗauke da nata injin juyin a cikin akwatinta, tana zuba wuta kai tsaye cikin batir. Shi ya sa take da girma da nauyi da fankoki, shi ya sa kuma kuɗin ƙaramar cikinsu kan kai ninki goma na cajar bango.

Daga nan kuskuren farko yake fitowa. Mutum ya ga an rubuta kilowat 22 a jikin cajar bango, ya biya kuɗin, ya ɗauka motarsa za ta cika sau uku fiye da ta maƙwabcinsa mai kilowat 7. Ina! Nissan Leaf galibi kilowat 6.6 take karɓa ta AC, wasu tsofaffin ma rabin haka. Kona ta farko 7.2. Yawancin motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin kusan 7 suke tsayawa. Tesla Model 3 ta Turai 11. Motocin da ke shan 22 ta AC ƙalilan ne, irin su Renault Zoe, kuma ba kasafai ake ganinsu a filayenmu ba. Ka jona Leaf a cajar 22, 6.6 ɗin nan dai za ta sha.

Mu ɗauki Kona mai batirin kilowat-awa 64, a ce za a ɗaga ta daga kashi 20 zuwa 80, wato kusan yunit 38. Da ƙaramar cajar but a soket na gida, mai ba da kilowat 2.3, sai ta kwana ta wuni, awa 17 ko fiye. Da cajar bango ta kilowat 7, awa biyar da rabi zuwa shida. Da DC mai kilowat 30, awa ɗaya da kusan minti ashirin. Da DC mai 60, kusan minti 45. To da mai 120 fa? Nan ne Alhaji ya yi shiru, domin Kona ba ta karɓar fiye da kilowat 77 ko makamancin haka, kuma ko wannan ba ta riƙe shi har ƙarshe, tana ragewa da kanta yayin da batir ke cika. Ribar da za ka samu a kan mai 60 'yan mintoci ne, ka kuwa biya kuɗin injin da ya ninka, ka sayi taransifoma a kansa. BYD Atto 3 ta farko ma iyakarta 88, tsohuwar Leaf kuwa galibi 50.

Bakin caja, inda kasuwarmu ta fi rikicewa

Dilan da ke Jamus ba shi da wannan ciwon kai, domin dokar Tarayyar Turai ta tsayar da baki guda tun 2014: Type 2 don AC, CCS2 don DC. Mu kuwa kasuwarmu mahaɗa ce, motar kowace nahiya tana sauka a nan da bakin ƙasarta.

Motar da aka ƙera don Turai, da wadda wakilin kamfani ya shigo da ita a hukumance, galibi Type 2 da CCS2 ne, rami guda mai hawa biyu. Motar da aka sayo daga kasuwar cikin gida ta Sin kuwa GB/T ce, kuma ramuka biyu ne daban: ɗaya na AC, ɗaya na DC mai faɗi. A nan mutane ke faɗawa tarko, domin bakin AC na GB/T yana kama da Type 2 a ido, ramuka bakwai, sama a shafe, amma an juya wanda ke da ƙusoshi da wanda ke da ramuka, ba sa shiga juna. Motar Amurka, ta hannu da ake kawowa daga gwanjo, Type 1 ce da CCS1, in kuwa Tesla ce to bakinta nata ne, wanda yanzu ake kira NACS, wanda Ford da sauran kamfanonin Amurka suka fara komawa gare shi tun 2023. Tsohuwar Leaf kuma DC ɗinta CHAdeMO ne na Japan, bakin da ke ja da baya a duniya.

Kada sunan kamfani ya yaudare ka. BYD ɗin da ta zo ta hannun wakili da BYD ɗin da aka sayo daga Guangzhou suna iya zama iri ɗaya sak a ido, bakinsu daban. Volkswagen ID.4 da ID.6 da yawa da ke zuwa ta Dubai ƙirar Sin ne, GB/T ne a jikinsu duk da tambarin Jamus. Shi ya sa abin da na fara yi a filin Alhaji shi ne buɗe murfin caji na kowace mota, na ɗauki hoto, na tambaye shi daga ina yake shirin ɗebo kaya a shekara biyu masu zuwa. Amsarsa, cewa daga Sin ne mafi yawa, ita ta yanke rabin hukuncin.

Maganar adafta kuma gida biyu ce. Adaftar AC, misali daga Type 2 zuwa GB/T ko zuwa Type 1, ƙarfe ne da roba kawai, tana da araha, mai kyau tana aiki lafiya. Adaftar DC tsakanin CCS2 da GB/T wani abu ne daban. Bakunan biyu ba yare ɗaya suke yi da mota ba, don haka a cikin adaftar akwai ƙaramar kwamfuta da ke tafinta. Tana da tsada, takan yi aiki da wannan motar ta ƙi waccan, wani lokaci sai an sabunta manhajarta, kuma wuta mai yawa ce ke ratsa ta cikin zafin rana. A ajiye ɗaya don ko-ta-kwana, wannan daidai ne. A gina kasuwanci a kanta, ban ba da shawara ba. Wanda zai sayi DC ya nemi mai hannu biyu, wato wayar jonawa biyu, ɗaya CCS2 ɗaya GB/T, masana'antun Sin suna yin su haka idan ka nema tun wajen oda. CHAdeMO kuwa sai in har Leaf ce kasuwarka.

A ɓangaren cajar bango akwai zaɓi biyu: mai waya manne a jiki, da mai soket kawai wadda kowa ke zuwa da wayarsa. Ga gida, mai waya ta fi sauƙi. Ga filin motoci na fi son mai soket na Type 2, domin sai ka ajiye wayoyi uku a sito, mai ƙarewa da Type 2, mai ƙarewa da GB/T, mai ƙarewa da Type 1, caja ɗaya ta ɗauki kowace mota. Idan mota ta taka waya ta lalata, waya kaɗai za ka canja. Illarta guda: abin da ba a manne ba yana da saurin yin ƙafa, sai an damƙa wa mutum ɗaya amanar ajiya.

Abin da layinka zai iya ɗauka

Cajar kilowat 7.4 tana jan amfiya 32 a layi ɗaya, kuma tana jan su ne awa shida ba hutu. Wannan ya bambanta da na'urar sanyaya ɗaki da ke tashi tana kwanciya. Mai 11 tana son layi uku, amfiya 16 a kowanne. Mai 22 layi uku, 32 a kowanne. DC mai kilowat 30 tana jan kusan amfiya 50 a kowane layi, mai 60 kusan 100, mai 120 kuwa tana neman wajen kVA 130 ita kaɗai, a ma'aunin ƙarfin taransifoma. Taransifomar unguwa da yawa kVA 300 ce ko 500, tana ɗauke da gidaje da shaguna da masu walda. Ka ɗora mata mai 120, ka cinye kusan rabin mai 300, fiyus zai riƙa tashi, maƙwabta su taso maka, kuma suna da gaskiya. Duk wanda ke maganar DC daga 60 zuwa sama, a zahiri maganar taransifomar kansa yake yi, da izinin kamfanin rarraba wuta, ko KEDCO ne ko AEDC ko na Kaduna, da mitar manyan masu amfani da wuta. A sa wannan cikin lissafi tun farko, domin sau da yawa yakan kai kuɗin cajar ko ya wuce.

Sannan akwai halin wutarmu. A takarda bolt 230 ne a layi ɗaya, 400 a layi uku. Da yamma a unguwanni da yawa na sha auna 180, wani lokaci ƙasa da haka. Cajar bango mai layi ɗaya tana jurewa zuwa wani mataki, sai dai cajin ya ragu, amfiya 32 a bolt 180 bai kai kilowat 6 ba. Cajar DC ba ta da wannan haƙurin. Tana son layuka uku su cika, su daidaita. Layi ɗaya ya faɗi, abin da ke faruwa da mu kullum, sai ta tsaya cak ta nuna jar fitila. A nan ne cajojin bango uku masu kilowat 7 suka fi guda ɗaya mai 22 amfani: ka raba su, kowacce a layinta, layi ɗaya ya tafi biyu suna aiki, kuma motoci uku ne ke sha a lokaci guda, kowacce tana samun iyakar abin da za ta iya karɓa.

Rukunin da layinka yake ciki ma abin dubawa ne. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni: A aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya koma 209.5 a Yulin shekarar. A wannan farashin, zuba yunit 40 a batir, haɗe da ɗan abin da ke salwanta a hanya, bai kai naira dubu goma ba, kuma zai kai Kona kusan kilomita 250, wato Kano zuwa Kaduna da ɗan saura. Wanda ke rukunin A cajar bango ta wadatar da shi, domin dare gaba ɗaya nasa ne. Wanda ke rukunin C ko D shi ne, abin mamaki, ya fi buƙatar ƙaramar DC, domin idan wutar awa uku za ta yi ta tafi, gara ya kwashi yunit 80 a cikinsu maimakon 20.

Janareto kuwa a ɗauke shi a matsayin mafitar dole. Litar dizal guda tana ba da kusan yunit 3 zuwa 3 da rabi a inji mai lafiya. Yunit 40 ɗin nan za su ci lita 13 ko kusa, kenan ka mayar da motar lantarki mai shan lita 5 a kilomita 100, ribar ta tafi. Kuma ƙananan injuna suna rawa idan aka ɗora musu nauyi farat ɗaya, mota ta ji wutar ba ta tsaya ba ta ƙi karɓa. Idan dole ne, injin ya fi cajar girma sosai, a kuma haɗa masa wayar ƙasa yadda ya kamata.

Sola ita ce ta fi dacewa da filin motoci, kuma na daɗe ina mamakin yadda ba a rungume ta ba. Motocin a ajiye suke da rana, rana na dukansu, fenti na ƙoƙewa. A arewa kowane kilowat na faifan sola yana ba da yunit 4 zuwa 5 a rana. Faifai 18 masu wat 550, wato kusan kilowat 10, za su ba ka yunit 40 zuwa 50, cikin mota guda kenan kullum, ga inuwa kyauta idan aka yi su rumfa. Tunda da rana za a yi cajin, ba sai an tara batura masu yawa ba. Sai dai wannan tsarin da cajar bango yake tafiya, kuma irin wadda ake iya rage mata amfiya, daga 32 zuwa 16 har zuwa 6, gwargwadon ƙarfin rana. Ɗora DC mai 60 a kan sola aikin miliyoyi masu yawa ne, ba na matsakaicin dila ba.

Me kake so cajar ta yi maka?

Motar da ke jiran mai saye ba ta buƙatar cika. Batir ya fi lafiya idan aka bar shi tsakanin kashi 40 zuwa 60, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Barin mota a cike fal makonni a rana yana rage mata kwana, barinta ta sauka ƙasa ƙwarai ma haka. Batirin LFP, irin wanda BYD ke sawa, ya fi jure cikawa, har ana so a riƙa kai shi 100 lokaci-lokaci don ma'aunin ya daidaita. Duk wannan aikin cajar bango ne, a hankali, bi da bi. A tuna kuma da ƙaramin batirin bolt 12 da ke cikin kowace motar lantarki: shi ne ke mutuwa idan mota ta daɗe a tsaye, kuma in ya mutu ko ƙofar caji ba za ta amsa ba, sai yara su ɗauka cajar ce ta lalace.

Inda DC ke da rana guda huɗu ne. Mai saye ya biya kuɗi da azahar yana so ya kama hanya da la'asar. An yi gwajin tuƙi sau uku a mota ɗaya, wani na tafe. Sai kuma garejin gyara, domin ba za ka tabbatar wa mai mota cewa ramin DC ɗinsa lafiya yake ba sai ka jona shi. Duka ukun nan kilowat 30 ko 40 ta ishe su. Na huɗu shi ne idan kana so filinka ya zama tasha, jama'a su zo su biya su yi caji. Wannan sana'a ce ta daban, da lissafinta daban: wurin tsayawa, wurin zama, mai karɓar kuɗi, wuta tabbatacciya. A nan ne kaɗai nake ganin hujjar 60 zuwa sama, kuma sai a babban titi mai rukunin A.

Akwai wani abin da ya kamata dila ya gaya wa mai saye tsakani da Allah: yawan cajin gaggawa a zafi yana gajiyar da batir, musamman tsohuwar Leaf da ba ta da ruwan sanyaya batir. Cajin yau da kullum na gida ne, da dare. Wannan ma ƙofar ciniki ce, domin duk wanda ya sayi mota yana buƙatar cajar bango a gidansa. Dilan da ke amfani da irin cajar da yake sayarwa, yana da ma'aikacin da ya iya kafa ta, ya riƙe abokin cinikinsa ke nan.

Ƙura, zafi da aradu

Cajar bango rufaffiya ce, yawancinsu ba fanka, ƙura ba ta da hanyar shiga. A nemi mai lambar kariya daga ƙura da ruwa IP54 zuwa sama, IP65 ta fi. Cajar DC kuwa numfashi take yi, tana zuƙar iska ta matata don sanyaya kanta. Da hunturu matatar nan tana toshewa cikin 'yan makonni. Na taɓa buɗe wata da aka ce ta rage ƙarfi, na zaro matatar, ta yi kauri kamar bargo, ja wur da ƙura, na kakkaɓe ta a ƙasa sai da ta bar tudu. Ana wankewa aka mayar, ƙarfin ya dawo. Yawancinsu kuma suna rage wuta da kansu idan zafin ciki ya haura digiri 50 ko kusa, abin da akwatin ƙarfe a tsakar rana ke kaiwa cikin sauƙi. Rumfa a kan caja ba ado ba ce.

Wajen kafawa kada a yi rowa. Kowace caja da layinta daga babban allo, da birkarta. Wayar tagulla ta gaske, milimita 6 idan kusa ne, 10 idan da nisa, a kuma kula da jabun waya da ke cike da kasuwa, alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla. Na'urar yanke wuta idan ta yi yoyo ta zama nau'in B, ko nau'in A idan cajar tana da mai gano yoyon DC na miliamfiya 6 a cikinta. Wayar ƙasa ita ce ta fi ba mu wahala a arewa, domin ƙasa busasshiya ba ta karɓar wuta da kyau da rani, sai an kafa sanda fiye da ɗaya, an auna da na'ura, ba da ido ba. Mota da yawa ba za su fara caji ba in ba su ji ta ba. A ƙara da na'urar kare aradu da hauhawar wuta, domin hadarin farkon damina guda ɗaya ya isa ya ƙone allon caja, wani lokaci har da na'urar cikin motar da ba a sayar ba tukuna.

Wane kamfani?

ABB da Schneider da Wallbox da Autel da Delta sanannu ne, kayansu masu inganci ne, bakinsu galibi na Turai. Star Charge da takwarorinta na Sin sun fi sauƙin kuɗi, kuma su ne ke ba ka GB/T ba wahala. Ni dai sunan bai dame ni kamar tambayoyi uku ba: wa zai zo idan ta tsaya, a ina kayan gyaranta suke, kwana nawa za su ɗauka? Cajar DC an gina ta ne da ƙananan injuna jere a ciki, kowanne kilowat 20 ko 30 ko 40. Mai 60 mai injuna biyu, ɗaya ya mutu, tana ci gaba da rabin ƙarfi. A nemi mai sayarwa ya haɗo da guda na ajiya, da matata, da hannu.

A kula da cajar da aka yi don cikin gidan Sin kawai, wasu ba sa tashi sai an ɗauki hoton lamba da manhajar da ke neman layin wayar can. A tabbata tana tashi da kati, ko da jonawa kawai, ko da intanet ya ɗauke. Idan akwai niyyar karɓar kuɗi nan gaba, ta zama mai jin yaren OCPP, aƙalla 1.6, don ka iya haɗa ta da kowace manhajar lissafi ba sai ta kamfanin da ya ƙera ta ba. Katin ma yana da wani amfanin: kana ganin wa ya jona, yaushe, yunit nawa. Idan cajojin sun wuce biyu, a nemi masu raba nauyi a tsakaninsu, su rage da kansu idan ofis ya kunna na'urorin sanyi. Cajojin bango da ake kwasowa daga Amurka na hannu kuwa an tsara su ne don tsarin wutar can, wasu suna aiki a nan wasu suna ƙi, ban ga dalilin sayen wannan kasadar ba.

Ga wanda ke sayar da mota ɗaya ko biyu a wata, cajar bango guda mai kilowat 7 mai soket, da wayoyi uku, ta ishe shi, ya bar DC tukuna. Mai motoci biyar zuwa goma sha biyar a fili, bango uku a layuka uku, ɗaya daga ciki ta zama mai 11 ko 22 idan yana kawo motocin Turai, sannan DC mai 30 ko 40 mai hannu biyu idan taransifoma ta yarda. Wakilin kamfani guda kuwa aikinsa ya fi sauƙi, baki ɗaya ne, kamfanin ma yakan gindaya masa abin da zai kafa. Kowanne daga cikinsu, ranar da ake haƙa ramin waya ya binne bututu mai faɗi fiye da buƙatar yau, har da na banza guda, domin fasa kankare sau biyu ya fi bututun tsada.

Alhaji bango uku ya kafa, da rumfar sola a kan layin motocin gaba, ya binne bututun DC ya toshe bakinsa da murfi. Bayan wata bakwai, da motocin suka ƙaru har masu saye suka fara dawowa neman caji, ya kira ni muka zaro waya ta cikin bututun nan, muka ɗora mai kilowat 40, hannu ɗaya GB/T, ɗaya CCS2. Yaron da ya yanke filogin nan a ranar farko shi ne yanzu ke riƙe da katunan, kuma duk ranar Asabar da safe yakan zare matatar ya wanke.